Kwamfutocin Ma'aikatu: Abin da Manhaja Mai Dogon Wa'adi Ta Zo da Shi

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina aiko da gyaran tsaro ga bugun Windows 10 na gama-gari, shekara goma bayan fitowarsa a watan Yuli na 2015. Ranar ta zo ta wuce, babu na'urar da ta mutu, kuma ma'aikata sun ci gaba da buga takardunsu yadda suka saba. Amma tun daga wannan rana, duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikin wannan manhaja, ba za a toshe wa ma'aikata ko kamfani ita ba sai in sun biya kuɗi. Tun da yake albashin ma'aikata, da takardun haihuwa, da lissafin haraji da na kwastan, duk sun kama hanyar komawa cikin kwamfuta, ya wajaba magabatan ma'aikatunmu na Yamai da na jihohi su fahimci wannan al'amari.

Mece ce uwar manhaja?

Ƴan'uwa masu karatu, kwamfuta ƙarfe ce da roba, ba ta iya kome sai da umurnin da aka rubuta mata. Wannan umurni shi ake kira manhaja. A cikin manhajoji akwai uwa, wadda ita ce ke tashi da farko in an kunna na'ura, ita ke rarraba aiki tsakanin allo da maɓallai da na'urar buga takardu, kuma a bayanta sauran manhajoji suke hawa. Windows uwar manhaja ce, haka kuma Linux.

Wanda ya san sha'anin motar sabis zai gane zancen da sauƙi. Mota tana iya yin shekara ashirin tana tafiya, muddin ana samun kayan gyaranta. Ranar da kamfanin da ya ƙera ta ya daina yin kayan, ba a ranar za ta tsaya ba, amma duk abin da ya lalace daga nan sai dabara. Haka manhaja take. Mutane ne suka rubuta ta, ba a rasa kuskure a ciki, kuma ɓarayi kullum suna neman kuskuren da za su bi su shiga. Saboda haka Microsoft yana aiko da faci a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Tsawon shekarun da kamfani ya yi alkawarin aiko da wannan faci, shi ne wa'adin manhaja.

Bugu iri biyu

Windows tana fitowa ta hanya biyu. Akwai bugun gama-gari, wanda ake sake masa kama sau ɗaya a shekara, ana ƙara masa sababbin abubuwa, ana sauya wa waɗansu wuri. Kowane sabon zubi na Windows 11 yana da wa'adin wata 24 ga na gida da na ƙananan ofisoshi, wata 36 ga na manyan ma'aikatu. Akwai kuma bugu mai dogon wa'adi, wanda kamfanin ya sa wa suna LTSC. Shi wannan sai bayan shekara biyu ko uku ake fitar da sabo, kuma da zarar an ɗora shi a na'ura ba ya sake kama har wa'adinsa ya cika. Facin tsaro kaɗai yake karɓa.

An fitar da irin wannan bugu a 2015 da 2016, sa'an nan aka yi na 2019 da na 2021, duka a kan Windows 10. Na 2016 wa'adinsa watan Oktoba na 2026, na 2019 kuwa watan Janairu na 2029. Da aka zo na 2021 sai kamfanin ya rage wa'adin daga shekara 10 zuwa 5, ya sa ƙarshensa a Janairu na 2027. Ke nan ƙane zai riga wansa ritaya da shekara biyu, abin da mai sayen kaya ya kamata ya lura da shi. Shekara 10 ta rage ga reshe guda kawai, mai suna IoT, wanda aka tanada domin na'urori masu aiki ɗaya tak, kuma na 2021 ɗinsa zai kai Janairu na 2032.

Ranar 1 ga Oktoba na 2024 aka fitar da bugu mai dogon wa'adi na farko a kan Windows 11. Na ma'aikatu zai kai Oktoba na 2029, reshen IoT kuma Oktoba na 2034.

Sababbin abubuwan da ke cikin bugun 2024

Mafi yawan abin da aka ƙara ya shafi tsaro ne. Na farko shi ne sha'anin kalmar sirri ta mai kula da na'ura. Abin da aka saba gani a ofisoshi da yawa a duniya shi ne masanin kwamfuta ya sa kalma guda a kan dukan na'urorin gidan domin sauƙin aiki, ta yadda duk wanda ya sace ta ya sami mabuɗin kowane ɗaki. Yanzu akwai wani tsari mai suna LAPS a cikin manhajar, wanda in an kunna shi yake ba kowace na'ura kalmarta dabam, yana sauya ta lokaci lokaci, yana ajiye ta inda mai izini kaɗai zai gani.

Na biyu, shaidar shiga ta ma'aikata ana killace ta a wani lungu na dabam cikin ƙwaƙwalwar na'ura, inda muguwar manhaja ba ta kai hannu ko da ta shigo. Wannan kariya ta daɗe da samuwa, amma da sai an kunna ta da hannu. Yanzu tana tashi da kanta a kan na'urorin da suka cika sharuɗɗa. Na uku, duk takardar da ke wucewa daga wata na'ura zuwa wata a cikin gida ɗaya dole ta ɗauki hatimin lantarki, domin kada wani ya tsaya a tsakani ya sauya ta. Amfanin wannan a fili yake, sai dai tsofaffin akwatunan ajiyar takardu da ba su san hatimin ba suna iya ƙin buɗuwa, don haka a gwada su tun kafin ranar ƙaura.

An kuma cire tsohuwar manhajar shiga intanet mai suna Internet Explorer. Ma'aikatar da ke da wani tsohon tsarin lissafi da aka gina a kanta za ta buɗe shi ne ta wata kafa da aka bari a cikin manhajar Edge. Akwai sabon tsarin buga takardu da ba ya bukatar manhajar kamfanin da ya ƙera na'urar bugun. A kashe yake zuwa, kuma wanda ya kunna shi ya sani cewa waɗansu tsofaffin na'urorin bugu ba za su amsa ba.

Abu biyu sun fi dacewa da halin ƙasarmu. An sake tsarin facin wata-wata yadda na'ura ba za ta riƙa sauko da abin da ta riga ta karɓa ba, wanda ke rage nauyi a kan layin intanet. An kuma ƙara tsarin tsimin wuta da ke aiki har ga kwamfutar tebur. Bayan waɗannan akwai ƙananan sauƙaƙe-sauƙaƙe, kamar buɗe jakunkunan takardu da yawa a taga ɗaya, da karɓar sabon ma'aunin intanet maras waya na Wi-Fi 7. Shagon manhajoji na Microsoft da wasanni da sauran kayan shagala da ke zuwa da bugun gida ba sa cikinsa.

Inda ya dace da inda bai dace ba

Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinmu yana biyowa ne ta wayoyin da suka ratso ƙasashen maƙwabta. Wutar lantarki ma mun ga halinta a watan Agusta na 2023, lokacin da aka katse wadda ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke sha. Sauya zubin Windows na shekara yana cin giga da yawa da sa'o'i masu tsawo, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, na'ura tana iya ƙin tashi. Manhajar da za ta zauna shekara biyar ko goma ba ta sake kama ba, hutu ce ga ofishin da ke Bilma ko Ngigmi, inda masanin kwamfuta ba ya zuwa sai jefi-jefi.

Duk da haka, kamfanin da kansa ya bayyana cewa ya yi wannan bugu ne domin na'urori masu aiki na musamman, irin su na'urar hoton ciki ta asibiti, da na'urar cirar kuɗi ta banki, da masu sarrafa injuna a masana'antu. Bai shawarci a ɗora shi a kan teburin kowane sakatare ba, domin sababbin manhajoji da sababbin na'urori suna iya fitowa waɗanda ba za su yi aiki da tsohon zubi ba. Shugaban ma'aikata sai ya rarrabe kayansa, ya san wace na'ura ce ke bukatar zama daram, wace ce kuma ke bukatar tafiya da zamani.

Sai maganar ƙarfin na'ura. Windows 11 tana neman ƙwaƙwalwar aiki ta giga 4, da rumbu na giga 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2017 ba sa cikin jerin waɗanda ta amince da su. Kwamfutocin hannu na biyu da ake saye da araha, da yawansu suna cikin wannan aji. Reshen IoT ya sassauta, yana karɓar giga 2 da rumbu na giga 16 ba tare da tilasta guntun tsaron ba, amma lasisinsa na na'ura mai aiki ɗaya ne. Bugun ma'aikatu kuwa ta hanyar kwangilar lasisi ake samunsa. Wanda aka ɗora wa shi a bakin kasuwa a kan jaka biyu, bai san abin da aka cusa a ciki ba, kuma araha ba ta ado.

Kuɗin jinkiri

Ma'aikatar da ta ce za ta zauna a kan Windows 10 na gama-gari tana iya sayen ƙarin facin tsaro har shekara uku. Kamfanin ya yanka dalar Amurka 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku. Jimla dalar Amurka 427 ke nan, wato wajen jaka 240 na kuɗin sefa bisa canjin ƙarshen 2025. Gidan da ke da na'ura 100 zai biya abin da ya kai miliyan 24, kuma a watan Oktoba na 2028 ya koma inda ya fara.

Wanda ya ƙi biya ya kuma ƙi ƙaura, ya tuna abin da ya faru a watan Mayu na 2017. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitoci sun soke ganin likita wajen 19,000. Facin da zai hana wannan ɓarna kuwa ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin harin, waɗanda abin ya ci ba su ɗora shi ba ne. Rigakafi ya fi magani.

Wata hanyar

Windows ba ita kaɗai ke da bugu mai dogon wa'adi ba. Ubuntu, wadda reshe ce ta Linux, tana fitar da nata duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, da facin shekara 5 kyauta, ana kuma iya tsawaita shi zuwa 10 ko fiye ta hanyar rajista da kamfanin Canonical. Red Hat yana ba manyan ma'aikatu shekara 10 bisa biyan kuɗi. Jandarmomin Faransa sun fara mai da kwamfutocinsu kan Ubuntu tun wajen 2008, har suka kai dubun-dubatar na'urori. Sai dai sun yi haka ne sannu a hankali, bayan sun fara sabawa da manhajojin rubutu da na shiga intanet na kyauta. Kuɗin da aka tsira da shi wajen lasisi, wani kaso nasa yana komawa ga horar da ma'aikata.

Kira ga magabata

A shekarar 2017 ƙasarmu ta kafa hukumar ANSI domin jagorancin sha'anin sadarwar zamani, a cikin shekarar kuma aka yi dokar kare bayanan jama'a, sa'an nan dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta biyo baya a 2019. Doka ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Manomin da ya zo yin takardar gonarsa, da matar da ta kawo ɗanta awo, amana suka ba hukuma.

Saboda haka ya kamata kowane darakta ya sa a yi masa ƙidayar na'urorin gidansa, a rubuta irin manhajar da ke kan kowace da ranar cikar wa'adinta, kamar yadda ake rubuta ranar ƙarewar magani a kantin asibiti. Mai tsara kasafin kuɗi ya ware abin sauyi tun shekara guda kafin ranar. Mai ba da kwangilar sayen na'urar asibiti ko ta banki ya tambayi ɗan kwangila wane bugu ne a ciki, kuma shekara nawa ta rage masa, a rubuta amsar cikin yarjejeniya. Duk wani sabon abu a fara gwada shi a kan na'ura biyu ko uku kafin a baza shi. Ma'aikacin da ke zaune gaban allo kuma, in na'ura ta nemi a sake tayar da ita domin faci ya kama, ya ba ta mintocin da take nema kafin ya tashi daga aiki.

Allah ya ba magabatanmu ikon riƙe amanar jama'a.