Haɗarin Gyaran Wucin Gadi a Ƙafafun Jirgin Sama: Darasi Daga Jirgin Alhazan Sakkwato na 1991

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa Kasuwar Singa, tsakanin Fagge da Sabon Gari a Kano, ya san yadda ake lallaɓa mota. Tirela ta yi lodin sukari ko shinkafa, taya ɗaya ta yi sanyi, direba ya buga ta da ƙarfe ya saurara, sa'an nan ya ce za ta kai. In ta ƙi kaiwa, sai ya ja gefen titi, yaron mota ya nemo mai faci. Wannan shi muke kira gyaran wucin gadi, watau gyaran da ake yi don a wuce wuri, da niyyar a yi na sosai daga baya.

Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba shi da nisa da wannan kasuwa, har ƙugin jirage na isa kunnen 'yan dako. A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin nuna abin da kan faru idan ɗabi'ar lallaɓawa ta bar bakin titi ta shiga filin jirgi. Za mu fara da bayanin aikin ƙafar jirgi, mu kawo misalin jirgin alhazan Sakkwato, sa'an nan mu bambanta gyaran wucin gadin da ƙa'ida ta yarda da shi da wanda ta hana.

2.0 Aikin Ƙafar Jirgi

Abin da muke nufi da ƙafa shi ne tayoyi da birki da ƙarafan da ke riƙe da su, tare da bututun mai da ke naɗe su cikin jirgi bayan ya tashi. Tayar babban jirgin fasinja na ɗaukar iska mai ƙarfin wajen fam 200 a kan kowane inci murabba'i, kimanin ninki shida na tayar ƙaramar mota. Kafin jirgi ya ɗaga, tayoyin kan yi gudun da ya zarce kilomita 250 a awa, ɗauke da nauyin jirgi da mai da mutane.

Idan iskar taya ta ragu, gefenta kan riƙa lanƙwashewa fiye da kima, kuma lanƙwasar ita ke haifar da zafin da ke cin zaren cikinta. Daɗin daɗawa, tayoyin jirgi bibbiyu suke a kan sanda ɗaya. In ɗaya ta yi sanyi, sai 'yar'uwarta ta ɗauki nauyin biyu, ta kuma tallafe ta yadda ido ba zai gane ba. Saboda haka ne masu ƙera tayoyi suka shar'anta a auna su da geji kowace rana, a lokacin da suka huce. Tayar da ta yi aiki da ragin fiye da kashi 10 cikin ɗari cire ta ake yi, in ragin ya wuce kashi 20 kuwa, har abokiyar zamanta sai an cire.

Bugu da ƙari, ba da iskar da muke shaƙa ake cika su ba, da iskar naitirojin ne, domin ita ba ta taimaka wa wuta. A ranar 31 ga Maris 1986, jirgin kamfanin Mexicana samfurin Boeing 727 ya faɗi a ƙasar Meksiko, mutum 167 suka halaka, bayan da tayar da aka cika da iskar gama-gari ta fashe saboda zafin birki.

3.0 Jirgin Alhazan Sakkwato

Kanawa sun riga sun san cewa ƙafar jirgi ba abin wasa ba ce. A ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin alhazai samfurin Boeing 707 da ya taso daga Jidda ya karye ƙafa wajen sauka a Kano, ya kama da wuta, mutum 176 daga cikin 202 suka rasu. Amma misalin da ya fi dacewa da batunmu shi ne na shekarar 1991, domin shi tun daga wajen masu gyara musibar ta faro.

Jirgin samfurin DC-8 ne, mallakar kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, an yi hayarsa yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways. Bincike ya gano cewa kwana huɗu kafin haɗarin an auna tayoyinsa, aka sami ta biyu da ta huɗu ba su kai ƙa'ida ba. Maimakon a gyara tayoyin, sai aka gyara alƙaluman da ke cikin takardar. An yi shirin canza taya a Akra ta ƙasar Gana, amma aka fasa saboda jigila ta makara, ana matsa wa ma'aikata su hanzarta. Da safiyar Alhamis, 11 ga Yuli 1991, a filin jirgin Jidda, babban makaniki ya nemi naitirojin ana dab da tashi. Ba a samu nan take ba, manajan aikin kuwa bai yarda a jira ba.

Da jirgi ya fara gudu, taya ta ɗaya ce ta fara fashewa, watau lafiyayyar da ta kwana huɗu tana ɗauke da nauyin 'yar'uwarta. Ta biyu ta bi baya. Ƙarfe ya riƙa gogar titi har ragowar roba ta kama da wuta. Matuƙa sun ji alamar wani abu, amma ba su da na'urar da za ta sanar da su akwai wuta a ƙafa, don haka suka ɗaga, suka naɗe ta yadda aka saba. Da hannunsu ke nan suka shigar da wutar cikin jirgi, wurin da wayoyin lantarki da bututun mai suka ratsa. Wuta ta cinye su, ta hudo daben da fasinja ke zaune a kai. Matuƙa suka juyo don su sauka, amma jirgin ya faɗi saura kimanin kilomita uku ya kai titi. Duk mutum 261 da ke ciki, fasinja 247 da ma'aikata 14, babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu.

4.0 Gyaran da Ƙa'ida ta Yarda da Shi

Kada a ɗauka cewa jirgi ba ya tashi da wani lahani ko kaɗan. Kowane samfuri yana da kundin da ya jera abubuwan da za a iya jinkirta gyaransu, alal misali wata fitila ko wata na'ura mai mataimakiya. Sai dai jinkirin na da sharuɗɗa uku. Na farko, a rubuta lahanin a littafin gyara yadda yake. Na biyu, a sa masa wa'adi, wani kwana uku, wani goma, wani 120. Na uku, injiniya mai lasisi ya sa hannu, matuƙi kuma ya san da maganar kafin ya karɓi jirgi.

Idan muka auna abin da ya faru a Jidda da waɗannan sharuɗɗa, za mu ga babu ɗaya da aka cika. Taya marar iska ba ta cikin abin da ake jinkirtawa, an kuma ɓoye ta a rubuce, sa'an nan wanda ya yanke hukuncin tashi mai kula da jadawalin jigila ne. Kuskuren da ya fi muni shi ne na takarda, domin ya toshe hanyar da wani zai zo daga baya ya gano lahanin.

5.0 Kammalawa

Direban tirela a Singa yana lallaɓa taya ne domin yana da gefen titi. Jirgin sama ba shi da inda zai raɓa, kuma ƙafarsa cikin cikinsa yake mayar da ita. Saboda haka muna ganin ya wajaba mu malaman fannin fasaha, tun daga kwalejojin horon malamai har zuwa Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, mu riƙa koya wa ɗalibai aiki da geji da rubuta gaskiyar abin da suka auna, ko da shugaba ba ya son ji. Ya kamata kuma hukumomin alhazai, wajen hayar jirgi, su binciki kayan gyara da ma'aikatan da kamfani ya tanada a kowane zango, ba kuɗin kujera kaɗai ba. Mu fasinja ma muna da namu rabo, domin hayaniyar da mukan yi a sansanin alhazai idan jirgi ya makara tana daga cikin abin da ke matsa wa masu gyara. In aka ce mana an tsaya canza taya ne, sai mu tuna da maganar magabata cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.