Jinyar Ajali a Gidajen Tsofaffi na Ingila: Me Horo Yake Gyarawa?

A Ingila, cikin kowane mutum biyar da suka rasu, kusan ɗaya a gidan kula da tsofaffi yake cikawa. Yawancin mazauna waɗannan gidaje sun haura shekara tamanin, kuma fiye da rabinsu gigin tsufa ya taɓa su. Duk wanda ya shiga, galibi nan zai ƙare kwanansa. Amma masu kula da su dare da rana, mafi yawansu ba nas-nas ba ne. An koya musu wanka da ciyarwa da yadda ake ɗaga mutum daga gado ba tare da an ji masa ciwo ba, sai dai an daɗe ba a koya musu abin da za su yi idan ajali ya matso ba.

Ga yadda abin yakan kasance. Tsakar dare numfashin wata tsohuwa ya canza, ma'aikaciyar da ke bakin aiki ba ta taɓa ganin mai gargara ba, likita kuma ba ya kusa. Sai ta buga 999, motar asibiti ta zo ta kwashe tsohuwar, ta je ta cika a sashen gaggawa cikin hayaniya da baƙin fuskoki. Babu mai ganin laifin ma'aikaciyar, domin abin da ta sani ke nan.

Wannan giɓi ne wata likita, Keri Thomas, ta nufi cikewa da tsarin Gold Standards Framework, wanda ta fara da likitocin unguwa a wajejen 2000, aka kuma faɗaɗa shi zuwa gidajen tsofaffi a 2004. Tushensa tambaya ce guda da ma'aikata ke yi wa kansu a kan kowane mazaunin gida: idan wannan mutum ya rasu cikin shekara mai zuwa, za mu yi mamaki? In amsar a'a ce, shiri ya fara. Ana sa wa kowa launi a rajista: shuɗi ga wanda ake sa ran yana da shekaru, kore ga mai watanni, ruwan ɗorawa ga mai makonni, ja ga mai kwanaki. Mai karatu Musulmi zai iya cewa wa ya san gawar fari? Gaskiya ne, su ma masu tsarin ba su ce sun san ranar kowa ba, launin yakan sauya gaba ko baya. Amfaninsa shi ne kada mutuwa ta tarar da gida ba shiri.

Sashe mafi wuya a horon shi ne magana. Ana koya wa ma'aikaci ya zauna da tsoho da iyalinsa tun yana da hankalinsa, ya tambaye shi inda yake so ya cika, wanda yake so a kira, da ko yana son a danna masa ƙirji idan zuciyarsa ta tsaya. A rubuta, a ajiye inda ma'aikacin dare zai gani. Daga nan sai alamomin ƙarshe: yawan barci, ƙin abinci, sanyin hannu da ƙafa, numfashi mai tsayawa ya dawo, da kakarin majina a maƙogwaro, wanda yakan tayar wa iyali hankali fiye da yadda yake damun majinyacin. Wanda ya san waɗannan ba zai ruɗe ba. Zai jiƙa leɓen majinyaci, ya juya shi, ya kira 'ya'yansa da wuri. Likita kuma yakan rubuta magunguna tun kafin a buƙace su, irin su mofin don raɗaɗi da midazolam don firgici, saboda kada a shiga neman kantin magani ranar Lahadi da dare. Ga wanda gigi ya hana shi cewa "nan ke mini ciwo", akwai ma'aunin Abbey da aka ƙirƙira a Ostareliya, wanda ke sa ma'aikaci ya lura da yamutsa fuska da nishi da ƙanƙame jiki.

Ingila ta ɗanɗani abin da ke faruwa idan takarda ta riga horo isa. Tsarin jinyar ajali na Liverpool Care Pathway, wanda aka fito da shi a ƙarshen shekarun 1990 da kyakkyawar niyya, ya bazu a asibitoci har ya koma fom da ake cikewa. Iyalai suka koka cewa an hana 'yan uwansu ruwa, ko an ɗora su a kan tsarin ba a gaya wa kowa ba. Kwamitin da Julia Neuberger ta jagoranta ya ba da shawara a 2013 a daina amfani da shi, kuma rashin horo na cikin abin da ya ɗora wa alhaki.

To shi horon, yana aiki? Amsar ba ta da daɗin da masu shirya taron bita za su so. An gwada wani shiri mai suna PACE a gidaje 78 a ƙasashen Turai bakwai, ciki har da Ingila da Beljiyam da Italiya, aka fitar da sakamako a 2019. Bayan shekara guda ana horo, sanin ma'aikata ya ƙaru kaɗan, amma ba a ga bambanci a sauƙin da majinyata suka samu a makonsu na ƙarshe ba. Ɗaya daga cikin dalilan da ba sa ɓuya shi ne barin aiki: albashi kaɗan ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan wannan fanni a Ingila sukan bar wurin aikinsu duk shekara. Horar da irin wannan gida sau ɗaya tamkar ɗibar ruwa da kwando ne. Shi ya sa asibitin St Christopher's na masu ciwon ajali, wanda Cicely Saunders ta kafa a Landan a 1967, ya ɗauki hanyar tura ƙwararrun nas-nas su riƙa zuwa gidajen a kai a kai, su zauna da ma'aikata bayan kowace rasuwa a duba abin da aka yi daidai da abin da ya kuɓuce. Wannan ya fi tsada, ya kuma fi kama hankali.

Maganar ta shafi 'yan Najeriya kai tsaye, domin bayan da Birtaniya ta buɗe wa masu kula da tsofaffi ƙofar biza a 2022, dubbansu suka shiga wannan aiki. Da yawa sun taso a gidajen da aka yi jinyar kaka har ta cika, wannan kuwa sani ne da abokan aikinsu Turawa ba lallai su samu ba. Abin da ke baƙo gare su shi ne a tambayi tsoho ido da ido yadda yake so ya mutu.

Tambayar kuwa tana yi wa tsofaffin Musulmi rana. A nan ne ake rubuta cewa a fuskantar da shi alƙibla, a kira wanda zai laƙƙana masa kalmar shahada, a bar wankan gawa ga mutanensa. Tun daga Satumban 2024, duk mutuwar da ba ta je gaban mai binciken musabbabin mutuwa ba a Ingila sai wani likita na daban ya duba ta kafin a ba da takardar shaidar mutuwa. Idan gida ya riga ya rubuta cewa ana sa ran rasuwar, likitan unguwa ya san majinyacin, an kuma sanar cewa iyali na son jana'iza da wuri, takardar takan fi saurin fitowa.