Launin Lemon Kwalba: Yadda Ake Auna Shi Da Dalilin Sa Masa Iyaka

A shekarar 2007 wani ɗan kasuwa na Legas ya sayi lemon kwalba mai yawa, Fanta da Sprite, ya yi jigilarsa zuwa Ingila domin ya sayar. Da kayan suka isa, sai ma'aikatan duba ingancin kaya na garin Stockport suka ɗebi kaɗan suka kai ɗakin gwaji. Sakamakon ya nuna cewa maganin hana lalacewa da ke ciki, da kuma wani rini da ake kira Sunset Yellow a cikin wasu kwalaben, sun zarce iyakar da dokar ƙasar ta yarda. Aka kama kayan aka lalatar.

Magana ta kai gaban Babbar Kotun Jihar Legas, wadda a farkon 2017 ta umarci hukumar NAFDAC ta sa kamfanin ya rubuta gargaɗi a jikin kwalaben, cewa kada a sha su tare da bitamin C. Wannan gargaɗi ya shafi maganin hana lalacewa ne. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuwa ta ba da sanarwar cewa lemon bai saɓa wa ƙa'idar Nijeriya ba. Ke nan kwalba ɗaya ta halatta a Legas, ta haramta a Stockport, alhali kuwa ba wani mai ido da zai ɗaga ta ya faɗi yawan rinin da ke cikinta. Wannan aikin awo ne.

Asalin irin wannan rini daga Ingila yake. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna William Perkin yana ƙoƙarin haɗa kwinin, watau maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran kwaltar da ake samu a jikin kwal, sai ya dace da wani rini mai launin shunayya. Daga nan masana'antun Turai suka shiga haɗa rini iri-iri, da fari domin tufafi, daga baya har ya shiga abinci. A yau daga man fetur ake samo tushen yawancinsu. Kowanne yana da lambar da ake rubutawa a jikin kwalba: Tartrazine mai launin rawaya shi ne E102, Sunset Yellow mai ruwan lemo E110, Allura Red ja E129, Brilliant Blue shuɗi E133. Baƙin lemo kuwa da ƙonannen sukari ake rina shi, lambarsa E150d.

Rini ba ya ƙara wa lemo zaƙi ko amfani a jiki. Abin da ya sa ake zuba shi, ido ne ke fara sha kafin baki. Ruwan sukari da iskar gas da ƙamshin lemo fari ne fes, in ba a rina shi ba mai saye ba zai yarda lemo ne ba. Har wa yau, kamfani yana so kwalbar da aka cika yau a Kaduna ta yi daidai da wadda aka cika bara a Ikeja, domin da zarar launi ya kauce kaɗan, mai saye zai ce jabu ce ko ta lalace.

Da can da ido ake kwatantawa, kamar yadda marini ke duba ruwan baba a karofi. Amma ido yana gajiya, hasken safe daban yake da na fitila, kuma ganin wani ba ganin wani ba ne. A 1885 wani Bature mai masana'antar giya a Salisbury, Joseph Lovibond, ya ƙago wata dabara ta jera gilasai masu launi, kowanne da lambarsa, a riƙa kwatanta abin sha da su. Wannan ya rage gardama, sai dai har yanzu idon mutum ne alƙali.

A zamanin nan na'urar auna haske ce ke yin aikin. Ma'aikaci zai ɗebi lemo ya fitar da gas ɗinsa, ya tace shi in yana da gurɓi, sa'an nan ya zuba a wani ɗan ƙaramin mazubi na gilashi mai faɗin santimita 1. Na'urar za ta harba haske ta cikinsa, ta ƙidaya abin da ya fito ta ɗaya gefen. Kowane rini yana da irin hasken da yake shanyewa. Ana auna tsawon zangon haske da ma'aunin da ake kira nanomita: Tartrazine yana shanye na wajen 427, Sunset Yellow na wajen 482, Brilliant Blue na wajen 630. Ƙa'idar da aka dogara a kanta, wadda Bajamushe August Beer ya bayyana a 1852, ita ce in rini ya ninka, hasken da yake shanyewa bisa ma'aunin na'urar shi ma zai ninka. Saboda haka sai a fara haɗa ruwa kashi-kashi da rinin da aka san nauyinsa, a auna kowanne, sa'an nan a auna lemon a ga inda ya faɗa a tsakaninsu. Amsar takan fito da miligiram a kowace lita.

In rini biyu aka gauraya, kamar rawaya da shuɗi da ke ba da kore, sai an raba su tukuna. Mai karatu zai iya ganin tushen dabarar a gida: ya ɗiga koren lemo a gindin farar takarda mai shan ruwa, ya tsoma bakinta cikin ruwa. Yayin da ruwan ke hawa, rini ɗaya yakan riga ɗaya gudu har su rabu. Manyan ɗakunan gwaji suna da injin da ke yin haka cikin ɗan bututu, ya kuma faɗi nauyin kowane rini.

Awo ba ya ƙarewa a ranar cika kwalba, domin rana tana kashe launi, bitamin C ma yana kashe irin su Sunset Yellow. Akwakun lemo kuwa yakan yi kwanaki a bakin shago cikin zafin rana. Nan ne wanda ba ya tsoron hukuma yakan ƙara rini fiye da kima don kada kayansa su koɗe.

Iyakar da ake sa wa rini tana da hawa biyu. Na farko, kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Duniya yana ƙayyade abin da mutum zai iya ci kullum tsawon rayuwarsa ba tare da cutuwa ba. Ga Sunset Yellow, miligiram 4 ne ga kowane kilo na nauyin jiki. Na biyu, ana ƙayyade abin da za a zuba a lita. Hukumar Codex, wadda aka kafa a 1963 domin daidaita ƙa'idojin abinci na duniya, ta yarda da miligiram 100, ita kuwa Tarayyar Turai ta rage nata daga 50 zuwa 20 tun 2013.

Lissafin yana da sauƙi. Yaro mai kilo 15 rabonsa miligiram 60 ne a yini. In an zuba rini har iyakar Codex, kwalbar da ta ɗan haura sulusin lita tana ɗauke da miligiram 35, biyu sun zarce rabonsa ke nan, ban da alewa da biskit. Babba mai kilo 70 kuwa yana da sarari har 280. Shi ya sa hankalin masana ya fi karkata ga yara. A 2007 Jami'ar Southampton ta gwada yara kusan 300, ta ga alamar ƙarin ƙiriniya da rashin natsuwa a wasunsu bayan sun sha gaurayen rini da maganin hana lalacewa. Masana sun yi ta gardama a kan ƙarfin wannan hujja, amma tun 2010 dokar Turai ta tilasta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da rini 6, ciki har da E102 da E110 da E129. Amurka ma ta soke izinin wani jan rini, Red 3, a Janairun 2025.

Manyan kamfanoni suna da na'ura, kuma NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da ikon shiga ta ɗebi samfur. Inda abin ya fi wuya shi ne lemon leda da ƙanƙarar tsotso da ake haɗawa a gida, a sayar a ƙofar makarantar firamare. Garin kala ake saye a kasuwa, sau da yawa ba suna ba lamba, a zuba da cokali har sai ido ya gamsu. Masu shansa kuwa su ne masu ƙaramin nauyin nan.

Zoɓo na gaskiya ba ya bukatar kala, jansa daga jikin furen yake. Akwai ma hanyar gane shi: in an ɗiga ruwan kanwa, jan zoɓo yakan juye ya yi duhu zuwa shuɗi-shuɗi, in an matsa lemon tsami ya dawo ja wur, alhali jan rinin masana'anta ba ya cika motsawa. Wanda zai saya wa ɗansa abin sha, ya juya kwalbar ya duba lambar rajistar NAFDAC da jerin abin da aka zuba. Wanda ba shi da ko ɗaya, ba mai iya faɗin abin da ke cikinsa, har da wanda ya haɗa shi.