Tiyatar Cire Mahaifa: Hukuncinta Da Abin Da Ya Hau Kan Gida Kafin Aiki Da Bayansa

A manyan asibitocin gwamnati na Dutsin-Ma da Kurfi, da kuma asibitocin birnin Katsina inda ake tura waɗanda ciwonsu ya yi nauyi, akwai maganar da in likita ya furta ta sai ɗaki ya yi tsit: za a cire mahaifa. Amsar da aka fi bayarwa ita ce a ba mu lokaci mu je gida mu yi shawara. Shawarar nan takan ɗauki watanni, wani lokaci shekara. A tsakanin haka matar tana gida tana zubar jini, tana ramewa, numfashi na yi mata wuya in ta yi 'yar tafiya. Rashin kuɗi na cikin abin da ke jawo jinkirin, amma akwai tambayoyin da iyali ke riƙe da su a zuci suna jin nauyin yi wa likita: shin addini ya yarda? Yaya za ta yi da salla da azumi? Me zai faru da aurenta? Duk waɗannan suna da amsa a wurin malamai da likitoci, kuma sanin amsar tun da wuri na daga cikin shirin tiyatar.

Dalilan da ke kai ga cirewa

Likita ba ya fara kawo maganar cire mahaifa sai idan sauran hanyoyi sun gaza ko ba za su yi amfani ba. Dalilin da ya fi yawa a wurin matan da suka haura shekara arba'in shi ne ƙarin da ke tsirowa a jikin mahaifa, wanda ke kumbura ciki har a zaci juna biyu ne, ya kuma sa jinin al'ada ya yi yawa ya daɗe. Wannan ƙari galibi ba sankara ba ne, kuma ga wadda ke son haihuwa a gaba, sau da yawa ana iya cire ƙarin a bar mahaifar. Akwai zazzagowar mahaifa, wadda ta fi samun matan da suka yi haihuwa da yawa. Akwai sankarar bakin mahaifa ko ta cikinta. Sai kuma na gaggawa, wanda ba ya ba kowa damar shawara: fashewar mahaifa bayan doguwar naƙuda, ko zubar jini bayan haihuwa da ya ƙi tsayawa. A nan likita na zaɓi ne tsakanin mahaifa da ran mai ita.

Aikin ma iri-iri ne. Wani lokaci ana cire mahaifa da bakinta gaba ɗaya, wani lokaci a bar bakin. Ana iya barin ma'ajiyar ƙwai guda biyu ko a cire su tare. Ana yin aikin ta tsaga ciki, ko ta gaba ba tare da tsaga ciki ba, ko ta ƙananan huduwa da na'urar hangen ciki a inda akwai kayan aikin. Ya kamata mace ta san wanne za a yi mata, domin tsawon jinya da wasu hukunce-hukuncen ibada sun dogara a kansa.

Matsayin shari'a

Asali jikin ɗan Adam amana ne, ba a yanke wata gaɓa a cikinsa don ganin dama, kuma kiyaye zuriya na cikin manyan manufofin shari'a guda biyar. Saboda haka ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haramun ne a kawar da ikon haihuwa na namiji ko mace baki ɗaya, sai idan lalura ta shari'a ta tilasta. Wannan togaciya ita ce ƙofar da maganarmu ta shiga. Idan likita ƙwararre, amintacce, ya tabbatar cewa barin mahaifa zai halaka mace ko ya jefa ta cikin cuta mai tsanani, kuma babu wani magani mafi sauƙi, to cire ta ya halatta. Idan rai ne ke cikin haɗari, hukuncin kan kai ga wajibi, domin kiyaye rai na gaba da kiyaye zuriya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da damar jin ta bakin likita na biyu, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Mata da Yara na Turai Yar'adua, da sharaɗin kada neman tabbaci ya koma hanyar ɓata lokaci.

Majalisar ta sake zama a Jidda cikin Mayu 1992 a kan sha'anin magani, inda ta tabbatar cewa izinin yin aiki na hannun majinyaci ne matuƙar baligi ne mai hankali, kuma a halin gaggawa da rai ke cikin haɗari ba a jiran izini. Miji yana da haƙƙin a yi shawara da shi, tun da haihuwa lamari ne na su biyu, amma ba shi da ikon hana matarsa aikin da rayuwarta ta rataya a kansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Game da likita namiji kuwa, zaman Majalisar na Brunei a 1993 ya fifita likita mace idan akwai ta, in babu namiji ya duba gwargwadon buƙata, tare da miji ko muharrami ko wata amintacciyar mace. Ƙarancin likitoci mata a ƙananan hukumomi ba hujja ba ce ta barin mace ta zauna da ciwo.

Shirin da ake yi kafin ranar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaya wa likita duk abin da ake sha, har da jiƙe-jiƙe da sassaƙe da magungunan Islamiyya, domin wasunsu na iya tsinka jini ko su yi karo da allurar barci. Mai hawan jini ko ciwon suga sai an daidaita shi kafin a sa rana. Da yawa daga cikin matan da ƙari ya dama suna zuwa ne jininsu ya yi ƙasa, don haka akan fara ba su maganin ƙarin jini, a kuma nemi dangi su ba da ledar jini a ajiye. Nan ne aikin ƙannen miji da 'yan'uwanta maza da samarin gida. Bayar da jini don ceton rai sadaka ce, kuma lafiyayyen mutum jikinsa na mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni.

Idan aikin ba na gaggawa ba ne, a zaɓi lokaci da tunani. A gidan manoma, tsakiyar damina lokaci ne da kowa ke gona, mai jinya ke wuya. A tanadi kuɗin magani da na gwaje-gwaje da na mota tun da wuri, a bincika ko tana cikin tsarin inshorar lafiya na jiha ko na ƙasa. Mazauna ƙauyukan da ke nesa da titin Katsina zuwa Dutsin-Ma, inda matsalar tsaro ta sa tafiyar dare ta zama kasada, gara su nemi gidan dangi a cikin gari ta sauka kafin aiki, ta kuma zauna a can mako ɗaya ko biyu bayan sallama. A daren aiki za a hana ta ci na wasu sa'o'i. A kiyaye wannan umarni, kada tausayi ya sa a ba ta koko a ɓoye, domin yin amai cikin allurar barci na iya toshe numfashi.

Ibada a kan gadon jinya

Salla ba ta faɗuwa a kan mai hankali, amma siffarta na sauƙaƙa. Sahabi Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, ya kai kukan ciwonsa ga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, sai aka umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Wadda aka tsaga wa ciki ta yi a zaune ko a kwance, ta yi nuni da kai a ruku'u da sujada. In taɓa ruwa zai cutar ko babu mai kawo mata, ta yi taimama. In wanka ya wajaba, ta shafa a kan bandeji ta wanke sauran jiki. Robar fitsari da ake sa wa a kwanakin farko hukuncinta hukuncin mai yoyon fitsari ne, ba ta hana salla. Ɗaliban Risala sun san cewa a mazhabar Malikiyya maras lafiyar da ke tsoron gushewar hankali a lokacin salla ta biyu yana iya haɗa ta da ta farko, don haka wadda za a shiga da ita bayan Azahar za ta iya haɗawa da La'asar. Sallolin da suka wuce tana cikin allurar barci kuwa, malamai da yawa na wannan zamani sun ce ta rama su idan ta farfaɗo.

Tambayar da ta fi yawa ita ce ta jini. Haila daga mahaifa take fitowa, saboda haka idan an cire ta gaba ɗaya, ɗan jinin da ake gani a makonnin farko jinin rauni ne, ba ya hana salla ko azumi. Wadda aka bar wa bakin mahaifa takan iya ganin ɗan ɗigo wata-wata, sai ta kai bayanin likita ga malami ya ba ta hukunci a kansa. Wadda aka yi wa aikin a wurin haihuwa, da zarar jini ya ɗauke ta yi wanka ta fara salla, ba sai ta cika arba'in ba. Azumin Ramadan in ya riske ta tana jinya, ta sha ta rama, kamar yadda ayoyin azumi na Suratul Baƙara suka yi rangwame. Mahaifar da aka cire kuma a bari a kai ta ɗakin gwaji, domin a nan ne ake gano ko akwai sankara. Abin da aka dawo da shi a binne shi cikin mutunci, ba a yi masa salla.

Makonnin da gida ke ɗaukar nauyi

Wadda aka tsaga wa ciki takan yi kwana uku zuwa biyar a asibiti, amma warkewa na ɗaukar mako shida zuwa takwas. Fatar waje kan haɗe cikin kwana goma, sai a zaci an warke, alhali ɗinkin ciki bai yi ƙwari ba. A wannan lokaci babu daka, babu surfe, babu jan guga, babu ɗaukar tulu ko goyon yaro, kuma a guji hawa babur a kan hanya mai gargada. Wankan jego da tafasasshen ruwa da gasa ciki ba su dace da mai ɗinki ba. A gefe guda kuma kwanciya wuni guda na da nata haɗarin: tattaki kaɗan-kaɗan a tsakar gida tun daga kwanakin farko na hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Ta sha ruwa sosai, ta ci wake da ƙwai da kifi da nama da zogale, don jini ya dawo kuma kada bayan gida ya yi tauri ta riƙa yunƙuri.

A koma asibiti nan take idan aka ga zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko ruwa mai wari, ko ɗinki ya kumbura yana fitar da mugunya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari na zuba ba tare da saninta ba. Kwanciyar aure sai bayan mako shida aƙalla, kuma sai likita ya duba ya ba da izini; miji da ya matsa kafin nan zai iya farke ɗinkin ciki, kuma shari'a ta hana cutarwa. Bayan warkewa zaman aure na komawa yadda yake, mata da yawa ma sun fi samun sauƙi tun da ciwo da zubar jini sun tafi. Wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai za ta iya jin zafin jiki na taso mata, da gumin dare, da saurin fushi, irin na matan da al'ada ta ɗauke musu. Wannan yana da magani, a faɗa wa likita. Wadda aka bar wa bakin mahaifa ta ci gaba da zuwa gwajin sankara.

Raunin da ba a gani

Akwai ciwon da ba ya cikin takardar sallama, shi ne gori. Matar da aka cire wa mahaifa, musamman mai ƙuruciya ko wadda ba ta samu haihuwa ba, takan koma gida da fargabar abin da kishiya ko dangin miji za su faɗa. Ya kamata masu irin wannan harshe su tuna cewa ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura sun mayar da bayar da 'ya'ya da hana su ga Allah Shi kaɗai. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ba ta haihu ba, ga shi kuwa ita ce uwar muminai, kuma manyan sahabbai sun ɗauki ilimi a wurinta. Sirrin aikin na matar ne. Ba daidai ba ne a riƙa yaɗa shi a wurin biki da suna. Idan aka ga ta daina cin abinci, ba ta barci, tana yawan kuka har makonni, a kai ta ga likita, a kuma zauna da ita.

Limamai da malaman Islamiyyun matan aure a Dutsin-Ma da Kurfi suna da rawar takawa: babin tsarki da na sallar maras lafiya da ake karantarwa kullum su ne wurin da ya dace a kawo wannan magana, tun kafin lalura ta zo. Magidanci kuma ya sani cewa ruwan da ya ɗebo, da abincin da ya saya, da haƙurin da ya yi a waɗannan makonni, duk suna cikin kyakkyawan zaman da aka umarce shi da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa abin da ya same su ya zama kaffara, Ya saka wa masu jinya da alheri.