Doguwar Hanyar Zama Likita A Nijeriya

Duk wanda lalura ta taɓa kai shi babban asibitin gwamnati da sassafe ya san yadda abin yake. Tun kafin rana ta ɗaga benci ya cika, wasu na zaune a ƙasa, wasu na jingine da bango, uwa ta goya ɗanta mai zazzaɓi, tsoho na riƙe da katinsa, kowa ya zuba wa ƙofa guda ido, watau ƙofar ɗakin likita. Idan jira ya yi tsawo sai a fara gunaguni, ana tambayar me ya sa gwamnati ba za ta ƙaro likitoci ba. Tambayar tana kan hanya, amma kafin a amsa ta ya kamata a san irin tafiyar da mutum kan yi kafin a ba shi iznin zama a kan kujerar da ke bayan ƙofar nan, da kuma yadda ƙasar nan ta fara horar da likitocinta.

Daga Yaba Zuwa Ibadan

'Yan asalin ƙasar nan sun daɗe da shiga aikin likita irin na zamani. Tun cikin 1858 William Davies da Africanus Horton, waɗanda aka haifa a Saliyo amma iyayensu daga nan aka kwashe su zamanin cinikin bayi, suka sami shaidar likita a Landan. Duk da haka, sa'ad da Turawan mulkin mallaka suka sake tsara aikin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma a 1902, sai suka keɓe shi ga Turawa zalla. Baƙar fata, kome iliminsa, sai dai a ajiye shi a wani matsayi na daban, mai ƙarancin albashi da daraja.

Da aiki ya yi wa Turawan yawa, sai gwamnati ta buɗe makarantar koyon aikin likita a Yaba, cikin Ikko, a 1930. Ɗaliban Yaba sun sha karatu mai tsanani na shekaru da dama, amma da suka gama sai aka kira su mataimakan likita, aka ba su takardar shaida wadda ba ta da wani amfani in an ƙetare iyakar Nijeriya. Sukan duba marasa lafiya, su yi fiɗa, wani lokaci ma su riƙe asibiti sukutum, alhali albashinsu bai kama ƙafar na Baturen da ke bisa kansu ba. Wannan rashin adalci na cikin abubuwan da masu neman mulkin kai suka riƙa kuka da su a jaridun Ikko.

Al'amari ya sake a 1948, lokacin da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan, sashen koyon likita kuwa na cikin sassanta na farko. Da yake a lokacin babu asibitin da ya cika sharuɗɗan Jami'ar Landan, ɗalibai kan yi rabin karatunsu a Ibadan, sa'an nan a tura su Ingila su ƙarasa. Sai a watan Nuwamba na 1957 aka buɗe Asibitin Koyarwa na Ibadan mai gado 500, kana a 1960, shekarar samun mulkin kai, aka yaye likitocin farko da suka yi karatunsu kaf a gida. Ikko ta bi sahu a 1962.

Rabon Arewa

A Arewa kuwa tafiyar ta fi nawa, domin makarantun sakandare masu koyar da kimiyya ba su da yawa. Abin da aka fara samu shi ne makarantar masu haɗa magani a Zariya da makarantar duba-gari a Kano, dukansu cikin shekarun 1930. Waɗannan su ne suka fitar da malaman asibiti da malaman tsabta da suka riƙe ɗakunan shan magani na En'e a gundumomi shekara da shekaru.

Likitan farko ɗan Arewa shi ne Dakta R. A. B. Dikko, mutumin Wusasa ta Zariya, wanda ya yi karatu a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ya kama aikin gwamnati a 1940. Shi ne kuma ya zama shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Bayansa aka sami irin su Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Umaru Shehu, masanin lafiyar jama'a, da Jibril Aminu, likitan zuciya, wanda ya gama Ibadan a 1965. A tsakiyar shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta gwada buɗe makarantar likita a Kano, amma ba ta yi tsawon rai ba. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen a Zariya, ta yaye ɗalibanta na farko a 1972. Daga baya Jos da Ilori da Maiduguri da Sakkwato da Kano suka samu nasu, yau kuwa makarantun likita na tarayya da na jihohi da na masu zaman kansu sun bazu ko'ina cikin ƙasa.

Shekara Shida A Jami'a

Yaron da ya gama sakandare da kyakkyawan sakamako, ya kuma ci jarrabawar shiga jami'a, shekara shida ke gabansa, in ba a sami yajin aiki ko faɗuwa jarrabawa ba. Shekarar farko ta kimiyya ce tsantsa. Daga nan sai ya shiga koyon sassan jikin mutum da yadda kowace gaɓa ke aiki da sinadaran da ke gudana cikin jiki. A nan ne yakan fara tsayawa gaban gawa da wuƙa a hannu, yana bin jijiya ɗaya bayan ɗaya, yana haddace sunanta da inda ta nufa. Jarrabawar da ke ƙarshen wannan mataki ita ce ɗalibai suka fi tsoro, domin wanda ya kasa cinta bayan an ba shi damar maimaitawa, sai a sallame shi ya nemi wani fanni.

Wanda ya haye sai ya koma asibitin koyarwa. Can zai karanci cututtuka da magunguna, kana ya bi sassan asibiti ɗaya ɗaya: na cututtukan manya, na fiɗa, na yara, na mata da haihuwa, da na lafiyar jama'a, inda akan kai shi ƙauye ya ga rijiyar da mutane ke sha da irin abincin da yara ke ci. Mafi yawan karatun wannan lokaci a bakin gadon majiyyaci ake yin sa. Babban likita na tafe, ɗalibai na biye, a tsaya kan maras lafiya, a ce wa ɗalibi ya tambaye shi, ya taɓa cikinsa, ya saurari ƙirjinsa, ya faɗi abin da yake zato da dalilinsa. Saboda haka ne Majalisar Kula da Aikin Likitoci ta Nijeriya, wadda asalinta ya faro daga 1963, take ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Ɗalibi hamsin ba sa koyon kome a kan gado guda. Wannan ne kuma ya sa ba a iya ninka yawan likitoci dare ɗaya, ko da an sami kuɗin gina azuzuwa.

Bayan Rantsuwa

Ranar da aka rantsar da sabon likita, lasin wucin gadi kawai ake ba shi. Dole ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manya, wajen wata uku uku a manyan sassa huɗu, yana kwana asibiti, shi ne farkon wanda za a tasa in majiyyaci ya rikice da tsakar dare. Sai manyan sun sa hannu cewa sun gamsu da shi kafin ya sami cikakken lasin. Bayan haka sai shekarar bautar ƙasa, wadda aka soma tun 1973, inda sau da yawa yakan tarar shi kaɗai ne likita a asibitin ƙaramar hukuma. Shekara takwas ke nan.

Idan yana son ya ƙware a fanni guda, kamar fiɗa ko ciwon ido ko lafiyar yara, to, sabuwar tafiya ta taso. A da sai an tafi Ingila ko Amurka. Amma a 1979 aka kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda mazauninta ke Ijanikin a Jihar Ikko, ga kuma kwalejojin Afirka ta Yamma guda biyu, ta likitocin fiɗa da ta likitocin magani. Mai neman ƙwarewa zai ci jarrabawar share fage, ya nemi gurbi a asibitin da aka amince da shi, ya yi aƙalla shekara biyar ko shida yana aiki yana karatu, ya ci manyan jarrabawa biyu, ya rubuta kundin bincike. Yaron da ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18, da wuya ya zama ƙwararren likita kafin ya haura 30. Ko bayan nan karatu bai ƙare ba, domin ba a sabunta wa likita lasinsa na shekara sai ya nuna shaidar halartar tarurrukan ƙarin ilmi.

Ya kamata a lura cewa waɗannan likitoci masu neman ƙwarewa su ne ƙashin bayan asibitocin koyarwa. Su ke duba mafi yawan majiyyata, su ke koya wa na ƙasa da su. Shi ya sa duk ran da suka shiga yajin aiki kan albashi ko kuɗin horo, asibiti kan koma kamar kufai. A 2018 an yi dokar da ta tsara horonsu da hanyar biyan kuɗinsa, amma jayayya kan cika alkawarin ba ta ƙare da sa hannu kan dokar ba.

Likita Ba Ya Aiki Shi Kaɗai

Bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ja hankalin duniya ga kiwon lafiya matakin farko, Nijeriya ta mai da hankali ga horar da ma'aikatan lafiya na karkara, musamman zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. Waɗannan ma'aikata, tare da nas-nas da ungozomomi, su ne mutumin ƙauye ya fi gani. Ungozomar da ta iya gane alamun jijjiga ko zubar jini da wuri, ta tura mai naƙuda babban asibiti cikin lokaci, ta ceci rai biyu tun likita bai san da maganar ba. A yankunan da iyali da yawa suka fi son mace ta duba mace, horon 'yan mata a wannan aiki ya zama tilas, kuma tushensa shi ne a bar yarinya ta gama sakandare.

Ana Ɗiba Da Rariya

Babbar damuwa ita ce inda likitocin ke ƙarewa. Tun shekarun 1980, lokacin da darajar naira ta faɗi, ƙwararrun malamai suka fara barin asibitocin koyarwa zuwa Saudiyya da wasu ƙasashe. Daga baya abin ya kai ga matasa, waɗanda tun suna shekarar gwaji suke shirin jarrabawar Ingila da Amurka da Kanada. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci wajen 55,000 ne ke da lasin aiki a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma kimanin 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun da suka gabata. Waɗanda suka rage ma sun taru ne a Ikko da Abuja da sauran manyan birane.

Asarar ta wuce ta mutum guda. Ƙwararren da ya tafi ya tafi da ɗaliban da zai koyar cikin shekara ashirin masu zuwa, kuma sashen da ya rasa malamai na iya rasa iznin horarwa. A 2023 an gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai na hana sabon likita cikakken lasin sai ya yi wa ƙasa aikin shekara biyar, amma ƙungiyoyin likitoci suka yi tir da shi, suna cewa a gyara abin da ke korarsu tukuna: albashin da ba ya isa, kayan aikin da babu, yawan aiki, da rashin tsaro. A watan Agusta na 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa ta musamman kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, ta kuma ƙara adadin ɗaliban da makarantu za su ɗauka.

Ƙarin ɗalibai alheri ne, muddin an ƙara malamai da gadaje tare da su, in ba haka ba za a yaye masu takarda waɗanda hannunsu bai faɗa ba. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kai wannan adadi ba. Jihohi ma suna da nasu nauyin: su ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu, su tanadi gida da ruwa da wuta a asibitocin karkara, su biya albashi kan kari, su bar likitansu ya tafi ƙarin ilmi da tabbacin gurbinsa na jiransa. Yaron da aka ɗauka jami'a bana, sai bayan shekara takwas zai zauna shi kaɗai a bayan ƙofar nan da jama'a ke zuba wa ido. Abin da hukuma ta yi tsakanin yau da ranar shi zai nuna ko a asibitin garinsu zai zauna ko a wata ƙasa.