Madugun Batir: Bayani a kan Na'urar da ke Tsaron Batirin Keken Lantarki

Tun daga Janairun 1913 zuwa yau babu abin hawan da ya mamaye titunan Kano kamar keke mai ƙafa uku, in ji wani mai zolaya. Amma gaskiyar magana ita ce, daga Janairun 2013 ne, sa'ad da Gwamnatin Kano ta hana sana'ar acaɓa, A Daidaita Sahu ya zama jakin talakan birni. Wanda ya tsaya Gyadi-Gyadi da hantsi, ya dubi titin Zariya wajen ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba ya bukatar a ba shi labari. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya ninka kusan sau uku, sai hankalin masu wannan sana'a ya fara karkata ga keken da ke tafiya da batir. A irin wannan keke kuwa babu abin da ya kai batirin tsada, kuma tsawon ransa ya rataya ne a kan wani ɗan allo da bai wuce tafin hannu ba, wanda makanikai ke kira da haruffa uku, BMS.

Batirin mota da aka saba da shi, na darma da ruwan asid, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙago shi cikin 1859. Gida shida gare shi, kowane gida bolt 2. Mai cajin batir ya kan buɗe murfi, ya zuƙo ruwan da ma'aunin gilashi, nan take ya san ko ya cika. Batir ne mai haƙuri: in an zarce masa da caji sai ruwansa ya ragu, a ƙara masa. Na litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa cikin 1991, ba haka ya ke ba. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi ɗaukar wuta, har ma mutum uku da suka share fagensa, watau Goodenough da Whittingham da Yoshino, sun sami lambar Nobel cikin 2019. Amma a rufe ya ke ruf, babu ruwan da za a auna, ba ya kuma yafe kuskure.

Batirin keke ba ƙwaya ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne da yawa a jere. A nau'in da a ke haɗawa da ƙarfe da fosfet, kowace ƙwaya bolt 3.2 ta ke bayarwa, saboda haka in an jera 20 sai a sami bolt 64. Kowace tana da iyaka: kada ta haura 3.65 wajen caji, kada ta faɗi ƙasa da 2.5 wajen aiki. Abin lura a nan shi ne, ko daga masana'anta guda suka fito, ƙwayoyin ba sa zama daidai, wata ta kan riga 'yan'uwanta cika, wata ta riga su ƙarewa. Ma'aunin da ke duba jimla kaɗai zai nuna lafiya lau, alhali kuwa ƙwaya guda ta riga ta ƙetare iyaka.

Don haka ne a ka jawo siririyar waya daga kowace ƙwaya zuwa allon nan. Misalinsa kamar madugun ayarin Gwanja ne a zamanin fatauci, wanda ba ya yanke zango bisa ga ƙarfin jakin da ya fi sauri, sai bisa ga halin wanda ya fi gajiya. Da zarar ƙwaya ɗaya ta kai iyaka, allon ya kan datse wutar batirin duka. Sa'an nan, lokacin caji, ya kan rage wa waɗanda suka yi gaba kaɗan kaɗan, ya zubar da rarar ta zama zafi, har na baya su cim musu. Akwai masu tsada da ke kwasar rarar su zuba wa raunana maimakon zubarwa. Malaman da ke neman sunan da za su koyar da shi a aji, watakila "madugun batir" ya fi musu "na'urar sarrafa batir", domin wannan ta biyun ba ta faɗi kome game da aikin ba.

Aiki mafi wuya shi ne sanin sauran wutar da ta rage. Tankin mai a kan leƙa, batir kuwa sai lissafi. Allon ya kan ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, kamar mai riƙe da littafin kanti. Amma ƙaramin kuskure ya kan taru yau da gobe, ga shi kuma nau'in ƙarfe da fosfet bolt ɗinsa kusan ba ya motsi tsakanin rabi da kusa da cika. Sai masana suka ɗauko wata hanyar lissafi da Rudolf Kalman ya wallafa cikin 1960, wadda ke gwama hasashe da awo tana gyara kanta. Gregory Plett na Amurka ya bayyana yadda za a yi aiki da ita a batirin mota cikin 2004.

A Kano babban abokin gāba zafi ne. Cikin Afrilu zafin inuwa ya kan wuce digiri 40, yawancin masana'antu kuwa sun hana cajin litiyam sama da digiri 45. Keken da ya yini a kwalta, aka jona shi nan da nan, ya riga ya kusa iyakar. In madugu ya ƙi karɓar caji a wannan hali, ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ya ke yi. Ƙwayar da zafi ya fi ƙarfinta ta kan hura kanta, ta kunna maƙwabciyarta, wutar kuma tana iya sake tashi bayan an kashe.

A nan ne Tarauni ke da abin faɗi. Kasuwar waya ta Farm Centre cike ta ke da samari masu hannu, waɗanda suka san batirin litiyam tun a wayar salula, kuma daga irinsu ne masu gyaran batirin keke za su fito. Haɗarin da ke gabansu biyu ne: jera tsofaffin ƙwayoyi da sababbi wuri guda don araha, da kuma tsallake allon da waya in direba ya yi kukan keke na yanke masa wuta. Na biyun ya fi muni, gama keken zai tashi, direba ya biya da murna, ba wanda ke duban ƙwayoyin kuma.

Allunan zamani su kan ajiye tarihin batir: sau nawa aka caja shi, zafin da ya sha, da abin da ya rage na ƙarfinsa. Bisa al'ada, in ya sauka zuwa kashi 80 cikin 100 a kan ce ya tsufa ga abin hawa, ko da ya ke zai yi shekaru yana aikin wutar sola a gida. Da wannan tarihi ne kamfanonin musayar batir, irin su Gogoro a Taiwan da Ampersand a Ruwanda, ke sanin abin da su ke miƙa wa direba. Tarayyar Turai ma ta kafa doka cikin 2023, cewa daga Fabrairun 2027 kowane batirin motar lantarki sai ya zo da takardar shaidarsa. Mai sayen na hannu a Gyadi-Gyadi zai iya neman a buɗe masa wannan tarihi a waya kafin a yi ciniki, gama alluna da yawa yanzu suna haɗuwa da wayar salula.