Tausa da Ciwon Kwankwaso: Rawar da Ƙwaƙwalwa Ke Takawa

Idan ciwon kwankwaso ya haura wata uku bai tafi ba, likitoci na sanya shi cikin ciwuka masu daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. A kusan kashi 90 cikin ɗari na masu shi, ba a samun takamaimiyar cutar da za a ɗora wa laifi. Wannan ya sa masu bincike suka karkata ga ƙwaƙwalwa.

Jijiyoyin baya saƙo kawai suke aikawa ta cikin laka. Ƙwaƙwalwa ce ke mayar da shi raɗaɗi, ta zuzuta shi ko ta sassauta. A 2004 Vania Apkarian da abokan aikinsa na Jami'ar Northwestern a Amurka sun auna ƙwaƙwalwar masu daɗaɗɗen ciwon baya da na'urar MRI, suka tarar sashenta mai launin toka, inda ƙwayoyin jijiya suka taru, ya gaza na masu lafiya da kashi 5 zuwa 11 cikin ɗari. A 2013 kuma suka fitar da sakamakon bibiyar wasu marasa lafiya na tsawon shekara guda: waɗanda ciwonsu ya ƙi tafiya, aikin ƙwaƙwalwarsu ya tashi daga sassan da ke jin zafi ya koma sassan da ke kula da tsoro da damuwa. Shi ya sa rashin barci, tunanin bashi ko fargabar sunkuyawa ke tayar da ciwon. Mai irin wannan ciwo ba raki yake yi ba, ko da hoton bayansa ya fito lafiya lau. Sauyin kuma ba na dindindin ba ne, domin wani bincike na Jami'ar McGill a Kanada ya nuna a 2011 cewa sashen da ya sirance yana farfaɗowa idan magani ya yi aiki.

Ta wannan hanyar tausa ke aiki. Duk wanda ya buge gwiwar hannu da bango, kafin ya yi tunani ya kai ɗaya hannun yana murzawa, zafin kuma ya lafa. Ronald Melzack da Patrick Wall sun yi bayanin haka tun 1965: jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓawa da dannawa na danne saƙon zafi a cikin laka, kamar mai gadi ya tura ƙyaure ya rage masu shiga. Danna mai daɗi kuma na kwantar da hankali, tsokar da ta ɗaure saboda tsoron motsi ta saki.

Amma tausa ba ta mayar da ƙashi gurbinsa. Ƙarar "ƙas" da ake ji idan an murɗa baya kumfar iska ce a cikin ruwan gaɓa, ba ƙashin da ya goce ne ya koma ba. Sauƙin da ake samu na gaske ne, sai dai bai cika daɗewa ba. A ƙa'idojin da ta fitar a Disamban 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tausa da gyaran gadon baya da hannu a matsayin ɓangare na magani, tare da motsa jiki, ilimantar da majiyyaci da taimaka masa kan damuwa. Ta kuma yi hani da ɗamarar ƙugu, jan baya da na'ura, da ƙwayoyi dangin tiramadol. Kwanciya ta kwana da kwanaki ƙara sandarar da baya take yi. Tafiya a ƙasa da atisayen da masu gashin ƙashi ke koyarwa sun fi ta amfani.

Tunda jijiya ake lallashi, ƙarfin tuwo ba shi da amfani a nan. A gidaje da yawa magidanci kan dawo daga gona ko kasuwa ya kwanta rub da ciki a tabarma, ya sa yaro ya hau bayansa yana tattakawa. Ga tsoho ko tsohuwar da ƙashinta ya zaizaye, wannan na iya karya haƙarƙari ko ƙashin baya. Mai shan maganin tsinka jini kuma danna mai ƙarfi na iya tara masa jini a ƙarƙashin fata. Mai juna biyu ta fara tuntuɓar ma'aikatan asibiti.

Akwai alamun da idan sun bayyana, asibiti za a nufa kai tsaye, ba wurin mai tausa ko mai ɗori ba: dindiris a tsakanin cinyoyi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida ko kasa yin fitsarin, da ƙafa mai mutuwa tana jan ƙasa. Waɗannan na nuna an matse jijiyoyin ƙarshen laka, kuma jinkiri na iya jawo shanyewar da ba ta warkewa. Ciwon baya mai tafe da zazzaɓi, gumin dare da rama na iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, cutar da ake gani a Nijeriya da Nijar, wadda maganin tarin fuka ke warkarwa, murɗa kuma ke iya ruguza ƙashin da ta riga ta ci. Haka nan wanda ya taɓa yin ciwon daji, da wanda ciwonsa ya fara bayan faɗuwa ko hatsarin babur, sai likita ya duba su kafin kowa ya danna musu baya.